Daren da sitiroberi mai cakulan ya kwana a firiza: nazarin wata oda a Kaduna

Wata Lahadi a farkon watan Maris, bayan la'asar, ɗaya daga cikin ɗalibaina ta yi sallama a gidana da roba a hannu, idonta ya yi ja. Shekara biyu ke nan da ta gama koyon kek da kayan fulawa a wurina, ta kafa sana'arta a gidansu a Barnawa, kuma ba ta taɓa zuwa mini da damuwar aiki ba sai ran nan. Ta buɗe robar. Sitiroberi ne guda goma sha biyu da aka tsoma a cakulan, ragowar odar da ta kai wajen kamu ranar Asabar. Suna kwance cikin jan ruwa. Cakulan ɗin ya yi dabbare-dabbaren fari, a jikin wasu ya tsage ya saɓule kamar ɓawon gyaɗa. Na ɗauki ɗaya na matsa da yatsa biyu, ya lotsa kamar tumatirin da ya kwana uku a rana.

"Anti, wallahi da kin gan su ranar Juma'a da dare, sai kin ɗauki hoto," in ji ta. "Ni dai na sa su a firiza ne don kada su lalace."

Na yarda da ita, don na san hannunta. Mun zauna har magariba muna bin aikin daki-daki, daga baya kuma muka sayi wani sitiroberin muka gwada. Da izininta nake rubuta abin da muka gano, saboda yaran da ke shiga wannan sana'a a Kaduna suna da yawa, kuma kusan kowace tana da irin firizar nan a kicin da irin tsoron ɗaukewar wuta da ya sa ta yanke shawarar da ta yanke.

Yadda odar ta zo

Uwar amarya ce ta ba da odar, wata Hajiya da ta saba sayen kek a wurinta. Guda 150 take so, a jera a teburin kayan zaƙi a wani ɗakin taro a Unguwar Rimi, ƙarfe huɗu na yammacin Asabar. Ɗalibar tawa ta taɓa yin irinsa sau ɗaya a watan Janairu, guda ashirin, ta yi wa 'yan gidansu, ya kuma yi kyau. Wannan nasarar ce ta ba ta ƙarfin guiwar karɓar odar.

Sitiroberin da muke samu a Kaduna daga Filato yake zuwa, yawanci daga gonakin Chaha da ke yankin Vom a Jos ta Kudu, inda tudu da sanyi suka karɓe shi. Lokacinsa hunturu ne, daga wajen Nuwamba zuwa Maris. Ba shi da ɓawon da zai kare shi, ba ya ƙara nuna bayan an tsinke shi, kuma kafin ya iso hannunki ya sha sa'o'i a mota. Nata ya iso ranar Alhamis da yamma, ta sa shi a firji.

Ranar Juma'a bayan magariba ta wanke shi, ta zuba a kwando ya tsane na kamar minti ashirin, ta ɗan goge da tawul. Ta narka cakulan a kwanon silba a kan tukunyar ruwan zafi. Baƙin cakulan ne na ainihi, mai tsada, ta saye shi ne don ta fita kunyar Hajiya. Daga ƙarfe takwas zuwa goma tana tsomawa tana jerawa a tire. Da ta gama ta koma kan tiren farko, wanda ya kusa awa biyu a ajiye, ta taɓa shi, har yanzu yana kama yatsa. Kicin ɗin ya ɗau zafi, ga risho a kunne tun ɗazu. Sai ta buɗe babbar firizar gidan, ta gyara wuri a kan ledojin nama da kifi da kayan miya, ta jera tirorin a buɗe. Bayan minti goma sha biyar ta duba, sun sandare, suna ta ƙyalli.

A nan ne ta tsaya ta yi tunani, kuma tunanin nata ba na sakarci ba ne. Wuta tana ta zuwa tana tafiya a makon, ba a kwana da janareta a gidansu, ta kuma san firjinsu ba ya riƙe sanyi. Lissafinta daidai ne: firji in an ɗauke wuta, ko ba a buɗe shi ba, kamar awa huɗu yake riƙe sanyinsa, ita kuwa firiza in tana cike takan kai kwana biyu, in rabi ce kwana ɗaya. Ta ce mini ta tuna da maganar mahaifiyarta cewa ba a fafe gora ranar tafiya, gara ta kwana da aikinta a kammale. Ta rufe firizar ta je ta kwanta.

Sai ƙarfe ɗaya na ranar Asabar ta fito da su, wato sun yi kusan awa goma sha biyar a ciki. Sun yi tauri kamar tsakuwa. Kamar guda ashirin sun tsage, ta zizara musu farin cakulan ta rufe tsagar. Ta jera su a kwalaye marasa murfi don kada adon ya goge, aka sa a mota, aka haye gada cikin cunkoso. Ƙarfe biyu sun hau tebur. Biki kuma kun san yadda yake, ba a fara kamun ba sai wajen biyar, ƙawayen amarya ba su waiwayi teburin ba sai kusan shida. Lokacin farin ƙyallen teburin ya yi jirwayen ja, wadda duk ta ciza sai ruwa ya tsiyayo mata a haɓa ya ɗiga a leshi. Masu hidima suka kwashe sauran a ɓoye kafin dangin ango su iso wurin.

Ruwan da ke ciki

Abu na farko da na tambaye ta shi ne, in ta fito da ɗanyen tumatir daga firiza ya saki, takan yanka shi a salak? Ta ce a'a, sai dai miya. To abin da ya samu tumatir shi ya samu sitiroberinta. Kusan kashi 91 cikin ɗari na sitiroberi ruwa ne, kuma ruwan yana ɗaure ne a cikin wasu ƙananan jakunkuna da ido ba ya gani. Cikarsu da ruwa ita ce ke ba shi wannan ɗan taurin da ake ji in an ciza. Da zarar sanyi ya sauka ƙasa da sifili da kamar digiri ɗaya, ruwan nan ya fara zama ƙanƙara. Firizar gida kuwa tana aiki ne a wajen digiri 18 ƙasa da sifili.

Ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kamar kashi 9 cikin ɗari. Duk mai sayar da zoɓo ta san haka, don ta sha ganin gora ta kumbura ko ta fashe. A cikin sitiroberi, ƙanƙarar tana fitowa ne da tsini-tsini, tana huda bangon jakunkunan. Kuma in daskarewar ta zo a hankali, tsinin ya fi girma, ɓarnar ta fi yawa. Kamfanonin da ke daskarar da 'ya'yan itace suna hura musu iska mai tsananin sanyi don abin ya faru da sauri, amma ko nasu in ya saki ba ya komawa yadda yake. Firizar gida da aka loda mata guda 150 lokaci guda, ga wuta tana yankewa, a hankali za ta yi aikinta.

Muddin yana daskare ba a ganin komai, shi ya sa da ta fito da su ba ta ga abin tsoro ba. Sai ƙanƙarar ta narke sannan ruwan ya rasa abin da zai riƙe shi. Naman ya saki, ya ja da baya daga jikin cakulan, ruwan ya taru a tsakani, ya nemi hanya ta wajen ganye ko ta tsaga ya fito. Tsagar ma daga nan ta samo asali: cakulan yana tsukewa in ya yi sanyi, abin da ke cikinsa yana kumbura, dole ɗaya ya ba da kai. Wannan ɓarna ba ta da gyara. Babu dabarar narkarwa, komai natsuwarta, da za ta ɗinke jakunkunan da suka huje.

Ruwan da ke waje

Farin dabbaren da ke jikin cakulan ɗin labarinsa daban. Na sa ta shafa shi da yatsa, ta ji gartsi-gartsi kamar yashi, bai kuma narke ba. Muka ɗiga masa ruwa, farin ya ɓace. Sukari ne ke nan. Da mai ne ya taso, da za ta ji santsi, ya narke a yatsa.

Ga yadda abin yake. Ki fito da gorar ruwa mai sanyi ki ajiye a tebur, nan da nan za ki ga ta yi gumi. Ba daga cikin gorar ruwan ya fito ba, danshin iska ne ya taɓa sanyi ya zama raɓa. Haka ya faru da cakulan ɗin da aka fito da shi daga tsananin sanyi zuwa zafin ƙarfe ɗaya na rana a cikin kwali marar murfi. Raɓar ta kwanta a kansa, ta narkar da sukarin da ke sama-sama, da ta bushe ta bar sukarin a baje fari. A ɗakin taro kuwa, ga jama'a, ga numfashi, ga tururin shinkafa da farfesu, danshi ba ya yankewa. Ba ya cutarwa in an ci, amma ƙyalli ya tafi, kuma wannan abu rabinsa don ido ake sayensa.

Akwai kuma wari. Ta ce wata ƙawar amarya ta ce tana jin ƙarni. Mai yana zuƙar wari, cakulan kuwa mai ne da yawa a cikinsa, ga shi ya kwana a buɗe a kan kifi. Wannan ya isa bayani.

Abin da ya kai ta ga firizar tun farko

A nan na fi daɗewa da ita, domin a ganina tushen matsalar yana nan. Da cakulan ɗin ya sandare da kansa a kan tire, da ba ta buɗe firiza ba.

Cakulan na ainihi da man koko ake yin sa, kokon nan da ake nomawa a jihohi irin su Ondo da Kuros Riba. Mun saba cewa manja ya yi barci in sanyi ya kama shi. Man koko shi ma yana barci, sai dai barcinsa iri shida ne, kuma ɗaya kawai ake nema, na biyar. Shi ne mai ƙyalli, mai ƙas in an karya, mai narkewa a wajen digiri 33 zuwa 34, wato yana tsaye a hannu na ɗan lokaci amma ya narke a baki. Sauran da ke ƙasa da shi suna narkewa a zafin da bai kai haka ba, wasu ma a zafin ɗaki. In kin narka cakulan gaba ɗaya kin bar shi ya huce yadda ya ga dama, kin rushe tsarin da kamfani ya gina, zai daɗe yana danƙo, in ya sandare ma ya yi dishi-dishi. In kuma kin jefa shi a firiza, sanyin gaggawa yana tilasta masa irin barcin nan marasa ƙarko. Zai yi tauri a ciki, ya fito ya fara laushi tun kafin zafi ya yi nisa.

Maganinsa shi ne abin da masu sana'ar ke kira tamfarin, wato bi da zafin cakulan hawa-hawa. Baƙin cakulan ana narka shi ya kai digiri 45 zuwa 50, a sauke shi zuwa 27 ko 28, a ɗan ɗaga shi zuwa 31 ko 32, a nan ake aiki da shi. Mai madara da fari suna son ƙasa da haka kaɗan, wajen 29 zuwa 30. Hanya mafi sauƙi a gida ita ce ki narka kashi biyu cikin uku, ki sauke daga wuta, ki riƙa zuba ragowar kashi ɗayan da kika daddatsa kina juyawa har ya narke. Wannan ragowar tana zama kamar iri, sauran man yana bin tsarinta. Ki lakata a bakin wuƙa ki ajiye a wuri mai sanyi-sanyi, in ya sandare cikin minti uku zuwa biyar ba tare da zane-zane ba, ya yi. Na koya musu wannan a aji, amma sau ɗaya muka yi, don yawancin aikinmu kek ne, ita kuma ba ta da ma'aunin zafi.

To me ya sa na Janairu ya yi kyau? Ta faɗa mini da safe ta yi shi, cikin hazo, lokacin da ake sa rigar sanyi a Kaduna. Kicin ɗin ya yi sanyi, iska ta bushe ƙarƙaf, babu danshin da zai zama raɓa. Guda ashirin ne, minti goma suka yi a firiza, aka fito da su aka cinye nan take. Hunturu ne ya rufa mata asiri a kan abubuwa uku ba tare da ta sani ba. Cakulan yana son ɗaki mai digiri 18 zuwa 20. A watan Maris, da rana Kaduna tana haura digiri 35, kicin mai risho kuma da dare ba ya sauka yadda ake so. Aiki ɗaya ne, hannu ɗaya, amma wata biyu sun canza komai.

Akwai cakulan na biyu a kasuwa, wanda 'yan shagon kayan kek ke kira kamfawun. An cire man koko an sa man alayyadi ko makamancinsa. Ba ya buƙatar tamfarin, ki narka ki tsoma, yana sandarewa da sauri, kuma ya fi jure zafi kaɗan. Ɗanɗanonsa bai kai na ainihi ba, yakan bar maiƙo a ganɗa. Ra'ayina shi ne, mai sana'ar da ba ta da ɗaki mai sanyi, in bazara ta shigo, ta yi amfani da shi, ta kuma faɗa wa mai oda gaskiyar abin da ta sa. Ya fi mata a kan ta sayi mai tsada ta kasa sarrafa shi.

Wankin ma na duba shi. Minti ashirin a kwando bai isa ba, don ruwa yana laɓewa a ƙarƙashin ganye da cikin ramukan 'ya'yan da ke jikinsa. Ɗigon ruwa kaɗan in ya faɗa cikin narkakken cakulan sai ya cure ya yi gudaji. Ta ce lallai wajen ƙarshe ya yi mata kauri har ta ƙara ɗan mai. Amma wannan ƙaramin laifi ne in aka kwatanta da sauran.

Gwajin da muka yi

Ban so ta tafi da maganata kawai ba. Ranar Talata muka samu ƙaramar roba ɗaya ta sitiroberi, muka wanke, muka busar sosai, muka yi tamfarin da ma'aunina a falo da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Muka tsoma guda ashirin da huɗu muka raba gida huɗu. Kashi na farko ya shiga firji na minti ashirin. Na biyu ya shiga firiza na minti goma. Na uku firiza na awa ɗaya. Na huɗu ya kwana a ciki.

Na firji ya fito da ƙyallinsa, da muka yanka ciki ja ne mai ƙarfi, ba ɗigon ruwa. Na minti goma shi ma cikinsa lafiya lau, sai dai da ya sha iska ya yi ɗan gumi, ƙyallin ya ragu kaɗan. Da an kai shi biki ba wanda zai yi ƙorafi. Na awa ɗaya ne ya fi ba ta mamaki. Daga waje ba ka bambanta shi da na biyu, amma da muka bar shi rabin awa muka yanka, sai ga zobe mai duhu ya zagaye naman daga gefe, ya yi laushi kamar an dafa, tsakiyar kuma tana nan da ƙarfinta. Ƙanƙara ta fara ci daga waje ke nan, ba ta kai ciki ba. Guda biyu sun tsage.

Na huɗun muka sake raba shi biyu da safe. Uku muka ajiye a buɗe a kan tebur, suka maimaita mana abin da ya faru ranar Asabar, har da farin dabbaren. Ukun da suka rage muka sa a roba mai murfi, muka mayar firji suka saki a hankali har yamma, sannan muka fito da robar muka bar ta a rufe ta huce kafin mu buɗe. Raɓar ta kwanta a bayan robar, cakulan ɗin ya fito ba tabo. Ta yi murna, ta ɗauka an samu mafita. Na ce ta ciza. Ruwa ya cika mata baki, naman ya zama kamar jiƙaƙƙiyar auduga. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ashe murfi na waje kawai yake karewa, Anti."

Daga wannan gwajin muka tsayar mata da ƙa'ida. Firji ne wurin sandarar da shi, minti goma sha biyar zuwa ashirin. In dole ta kama sai firiza, to kada ya wuce minti goma, ta kuma saita ƙararrawa a waya, don mantuwa tana zuwa ne daidai lokacin da hannu ya cika da aiki. Ajiyar dare kuwa babu ita a firiza. Ko a firji ma, in ya wuce kwana ɗaya yana fara tsatsafo ruwa a ƙasa. Karin maganar gora gaskiya ce a kan kek da cincin da dubulan, amma wannan abu ranar cinsa ake yin sa. Abin da za a iya shiryawa tun jajibiri shi ne kwalaye, tirori, takardar shimfiɗa, daddatsa cakulan, da daskarar da ƙanƙarar kula.

Wani abu da na ja mata kunne a kai shi ne lafiyar masu ci. Ɗan itacen da jikinsa ya fashe ya zubar da ruwa hukuncinsa ɗaya da yankakke. Ƙa'idar da aka sani ita ce kada irin wannan ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya haura digiri 32 kuma awa ɗaya. Nata ya yi kusan awa biyar daga fitowa zuwa ci. Alhamdu lillahi ba mu ji wanda ya yi ciwon ciki ba, amma ba abin da za a sake gwadawa ba ne.

Zuwa wurin Hajiya

Ta so ta tura saƙon ban haƙuri ta waya. Na ce a'a, ta je da ƙafarta, ta kai kuɗin odar gaba ɗaya, kada ta ɗora laifin a kan wuta ko jinkirin biki, ko da yake dukansu sun taimaka. Ta je ta durƙusa ta gaishe ta, ta faɗi abin da ya faru yadda yake. Ta ce Hajiya ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "'Yata, ba kuɗin ne ya dame ni ba, kunyar surukai ce. Amma tunda kin zo da kanki, Allah ya kiyaye gaba." Ta karɓi rabin kuɗin, ta tura mata rabin ta ce na kayan da ta saya ne. Yarinyar ta ce hawayen da ta yi a hanyar dawowa sun fi na ranar Asabar.

Oda ta biyu

Kafin watan ya ƙare, ƙanwar Hajiyar ta nemi a yi mata na walimar suna a Malali. Guda ɗari ta ce, ɗalibar tawa ta ce sittin za ta iya, ta kuma tambayi ainihin lokacin da za a ci. Aka tsayar da ƙarfe goma sha biyu na rana, aka kuma yarda ba za a jera su ba sai mata sun zauna.

Sitiroberin ya iso ana gobe suna. Ba ta wanke shi ba, ta ware masu rauni gefe, ta baza sauran a tire a kan takarda, layi ɗaya, ta sa a firji. Bayan sallar asuba ta wanke, ta goge ɗaya bayan ɗaya har ƙarƙashin ganye, ta bar su awa ɗaya a gaban fanka don su bushe, sanyin firjin kuma ya sake su, domin in an tsoma mai sanyi yana gumi a ƙarƙashin cakulan ya hana shi kamawa. Ta ari ma'aunina, ta tayar da janareta, ta yi aikin a falo maimakon kicin. Ƙarfe tara ta gama tsomawa. Tire biyu sun sandare a firji. Na ukun bai samu wuri ba, ta sa shi a firiza a cikin roba mai murfi, ƙararrawa ta buga a minti takwas ta fito da shi.

Ta jera su a robobi masu murfi da takarda a ƙasa. A gindin kula ta sa gorunan ƙanƙara, ta rufe su da tawul mai kauri don kada robobin su taɓa su kai tsaye, ta ɗora robobin a sama. Da ta isa Malali ta fito da su ta ajiye a ɗaki, ta hana kowa buɗewa har minti ashirin. Cikin sittin ɗin, biyu sun tsage, huɗu sun yi ɗan gumi, duka daga tiren ƙarshe. Ta cire masu tsagar ta jera hamsin da takwas, kafin a kira azahar faranti ya koma fayau.

Masu raunin da ta ware kuwa, da ta dawo gida ta yanke wuraren da suka dame, ta yayyanka sauran ƙanana, ta tsoma su a ragowar cakulan, ta rufe a roba ta sa a firiza da gangan. Washegari da rana tsaka ƙannenta suka dawo daga Islamiyya, ta miƙa musu robar, suka cinye su a daskare a tsaye a bakin ƙofar kicin kafin ko ɗaya ya fara saki.